Ɗakunan da Guled Bai Rufe Ba

A Minneapolis, idan sanyi ya kai tsakiyarsa, magariba ba ta jiran kowa. Kafin mutum ya gama hutawa daga la'asar haske ya tattara ya bar gari, sai dusar ƙanƙara kwance a kan rufin gidaje, fara fat, shiru kamar an yi mutuwa a unguwa. A irin wannan yammacin ne Gwaggo Dahabo ta sauke shinkafa, ta yanka ayaba a gefen faranti uku, sannan ta zagaya gidan ƙaninta tana sauke labule tana rufe ƙofofi da bisimilla, yadda uwarsu ta koya mata tun suna yara. Ƙofa ɗaya ce ba ta isa ta taɓa ba, ta ɗakin ƙasa, inda Guled yake zaune da kwamfutocinsa.

Ta tsaya a bakin matakala ta ɗaga murya. "Guled! Abinci zai huce. Ko kwamfutar ce za ta ci maka?"

"Ina zuwa, Yaya."

"Tun kaka kake zuwa, har yau ba ka iso ba."

Idil, 'yarsa tilo, mai shekara sha shida, tana zaune a teburin kicin ta tasa farantinta gaba tana juya cokali. Ba ta kai loma baki ba ƙararrawar ta kaɗa. Daga ƙasa sautin ya taso, ya biyo matakala a hankali, ya cika kicin ɗin. Dukansu sun san wannan sautin. Kuma dukansu sun san mai kaɗa ta tana kwance a maƙabarta tun lokacin da ganyen bishiyoyi ya yi ja.

Sagal, matar Guled, ciwon huhu ne ya kwantar da ita kusan shekara. Da likitoci suka ce a mayar da ita gida da tulun iskar numfashi, sai suka haɗa ta da wani ɗan maƙali da ake sa wa a yatsa, mai auna iskar da ke cikin jini da bugun zuciya. Guled marubucin manhaja ne, a gida yake aikinsa, kuma irin mutanen nan ne da in abu ya fi ƙarfinsu sai su zauna su rubuta masa manhaja, su ji kamar sun yi wani abu. Ya haɗa wata da ke karɓar awon daga yatsan Sagal a ɗakin sama, ta zana shi layi biyu, kore da ja, a fuskar wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin ƙasa, tana sake zanen bayan kowane ɗan lokaci. Ranar da murya ta fara gagarar Sagal, ya ƙara mata ɗan madanni, bai fi maɓallin riga ba. In ta danna a sama, ƙararrawa ta kaɗa a ƙasa, shi kuma ya haura da gudu.

Da farko sautin siriri ne, kamar an taɓa kofin shayi da cokali. Da makonni suka tafi sai ya riƙa yin kauri yana ƙara tsawo. Wata rana Sagal ta jawo kunnensa kusa da bakinta, tana murmushi, ta ce cikin raɗa, "Sau ɗaya fa na danna, injiniya. Ƙararrawarka ta fi ni son kiranka." Ya ce zai gyara in ta sami sauƙi. Allah bai nufa ta samu ba.

Aka yi zaman makoki aka watse. Gwaggo Dahabo ta kulle gidanta na St. Paul ta dawo saboda yarinya. Maƙalin yatsa da madannin aka zuba su a durowar gefen gado, aka ja ƙofar ɗakin. Amma manhajar ba a kashe ta ba. Tana nan tana zana fili babu layi, ta goge, ta sake zanawa. Awon Sagal kuwa Guled ya daɗe da kwafe shi ya adana, ba shi ne damuwarsa ba. Abin da ke riƙe da shi, wannan tagar manhajar da ke kan allo an buɗe ta ne Sagal tana numfashi, kuma hannunsa ya kasa rufe ta.

Sai dai manhajar tana da ciwo, irin wanda masu sana'ar ke kira yoyo. Duk sanda za ta sake zane, sai ta ari wuri a ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta gina sabon ɗaki ta yi zanen a ciki. Ƙa'ida ita ce in sabo ya hau a rushe tsohon, a mayar da wurin. Ita kuwa ba ta mayarwa. Tsohon zane ya ɓace wa ido, amma ɗakinsa yana nan tsaye, ba kowa a ciki. Haka ɗakuna suka yi ta taruwa, dubbai bisa dubbai, har kwamfutar ta fara nishi, fankarta tana kuka ba hutu, in an motsa linzaminta sai ta yi dogon tunani kafin ta amsa. Ko ɗan koyo ya san maganin gaggawa, a kashe a kunna. Guled ya ƙi. Ya ce zai kama yoyon manhajar tana raye, ta wata 'yar kafa da ya bari a jikinta, wadda yake iya aika mata umarni tana cikin aiki.

A irin wannan manhaja akwai mai shara, aikinsa ya kwashe duk abin da ba wanda ke riƙe da shi. Guled ya umarci ɗakunan su rufe, ya kira mai sharar, mai shara ya zagaya ya dawo hannu rabbana. Wato akwai igiyar da ke riƙe da su. Ya bi igiyoyi har idonsa ya yi ja. Ya zargi agogon da ke tada zane. Ya zargi kayan zanen da wasu suka rubuta ya ɗauko, har ya aika musu dogon ƙorafi, suka amsa masa cikin ladabi cewa nasu lafiyarsa lau. Ya leƙa ko'ina a jikin manhajar ban da wuri ɗaya, kuma bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

To, a wannan magaribar da ƙararrawa ta kaɗa, ƙafafun Guled ba su nemi shawararsa ba. Ya hauro daga ƙasa, ya wuce yayarsa, ya wuce 'yarsa, ya haye sama ya banka ƙofar ɗakin Sagal. Gadon a gyare, ɗakin da sanyi. Ya jawo durowa. Madannin na nan kwance inda aka ajiye shi. Da ya juyo, Gwaggo Dahabo da ta biyo shi ta ga fuskarsa, gabanta ya faɗi fiye da faɗuwar da ya yi da jin ƙararrawar, domin babu tsoro a fuskar ko kaɗan. Murna ce.

"Ita ce, Yaya," ya ce a hankali.

"A'uzu billahi. Matacce ba ya danna komai, Guled. Ka dawo hayyacinka."

Ya sa madannin a aljihun rigarsa ya koma ƙasa.

Daga ranar, kowace magariba sai ta kaɗa. Ba ta kuma tsaya a nan ba. Aka fara jifa. Ƙananan duwatsu ne baƙaƙe, su bugi bangon kicin, su bugi ƙofar banɗaki, su gangaro kan matakala ɗaya bayan ɗaya. Duk faɗin unguwar babu inda mutum zai ga ƙasa balle tsakuwa, dusar ƙanƙara ta binne komai, amma ga su nan a cikin gida, kuma in ka ɗauki ɗaya sai ka ji shi da ɗumi kamar daga tafin hannun wani ya fito. Ta ramukan da iskar ɗumama gida ke fitowa kuma ana jin raɗe-raɗe, muryoyi da yawa, wasu na yara, irin na mutanen da aka cusa a wuri ƙarami.

Gwaggo Dahabo ta kunna karatun Alƙur'ani a waya, ta zuba turaren wuta a kasko ta zagaya ɗakuna har na'urar gano hayaƙi ta fara ihu, dole ta hau kujera ta yi mata fifita da gyale. Sannan aka yi saukar dusar ƙanƙara mai yawa, ta kwana ta wuni tana zuba. Motarsu ta nutse, aka rufe makarantu, ƙofar gaba ta ƙi buɗuwa sai da kafaɗa. Su uku suka rage a gidan, da abin da ke cikinsa.

A duk wannan hidima ba wanda ya lura da Idil, kuma abin haushin ke nan. Tun bayan rasuwar uwarta takan zo bakin matakalar ɗakin ƙasa da yamma ta ce, "Baba?" Shi kuma, idonsa a kan allo, ya ce, "Minti biyar, Idil." Ta tsaya, ta gaji, ta tafi. Daga baya ta daina zuwa, shi kuma bai ma san ta daina ba. Yanzu sai ga ta tana barin abinci. Takan zauna a bakin tagar kicin tana zana ƙananan ɗakuna da yatsa a jikin raɓar gilashi, ɗaki manne da ɗaki, ta goge da hannun riga, ta sake. In an yi mata magana ta ce an matse ta. Sau biyu gwaggonta ta same ta ta wangale taga cikin wannan sanyin da ke fasa leɓe, tana shaƙar iska kamar wadda aka tsamo daga rijiya.

Ranar da haƙurin Gwaggo Dahabo ya ƙare, ta jira Guled ya tada sallar magariba, ta lallaɓa ta sauka ƙasa. Ɗakin da zafi, yana warin ƙura da tsohon shayi. Kwamfutar na can a kusurwa tana nishi, allonta na zana fili. Ta durƙusa ta laluba bayan tebur har ta kama wayar wuta. Sai dutse ya sauka a wuyan hannunta, ji kake tas. Ta waiwaya. Idil ce tsaye a bayanta, ba ta ji saukowarta ba, kanta a karkace, idanunta a buɗe amma ba ita ce ke kallo ta cikinsu ba.

"Cire," in ji yarinyar, da muryar tsohuwa mai kaushi. "Cire, ki ga abin da ni ma zan cire."

Da Guled ya sallame ya sauko, ya tarar da yayarsa zaune a ƙasa tana salati, 'yarsa kuma ta zube a gefenta, jikinta ya sandare, haƙoranta a datse. Ya ɗauke ta, ya ji ta yi nauyi fiye da yadda ya sani. A lokacin ne ya ga yadda wuyanta ya rame, ya kuma rasa ranar ƙarshe da ya kalle ta da kyau.

Washegari, da motar share hanya ta wuce, Malam Warsame ya iso bayan la'asar. Dattijo ne mai jan gemu na lalle, ya yi shekaru yana koyar da tafsiri a masallacin unguwa, kuma an san shi da ruƙiyya, ko da yake rabin waɗanda ake kawo masa asibiti yake tura su. Ya kakkaɓe takalmansa, ya sha shayi, ya duba yarinyar da ke kwance ba ta magana, ya juya duwatsun a tafin hannunsa. Sannan ya ce a nuna masa inda ƙararrawar take.

Guled ya yi masa bayani iya yadda zai iya. Malam ya saurara har ƙarshe, yana shafa gemu.

"Wato ka gina unguwa guda, ba mazauni, ba bisimilla, ƙofofi a wangale, ga ɗumi a cikin wannan sanyin, sannan ka ce ba wanda zai shiga?"

"Allah gafarta Malam, ba ɗakuna ne na gaske ba. Misali na yi maka."

"To, bari magariba ta yi, mu ji ko su ma misali ne."

Bayan sun yi salla aka sauko da Idil, an lulluɓe ta da bargo, gwaggonta ta zauna a bayanta ta rungume ta. Ɗan hasken da ke shigowa ta ƙaramar tagar saman bango ya dushe, ya mutu. Malam ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Ƙararrawar ta kaɗa. Wannan karon ba ta tsaya ba, ta yi ta kaɗawa, sauti bisa sauti, har kofin da ke kan tebur yana rawa. Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma yanke aya ba. Can sai bayan yarinyar ya miƙe, kanta ya karkata, ƙararrawar ta yi tsit.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Sunana ba zai zauna a bakinku ba. Tsohuwa ce ni, da 'ya'ya da jikoki."

"Daga ina?"

"Daga bakin kogi. A kangon wani gidan niƙa muke tun kafin ku san hanyar garin nan. Aka zo aka gyara shi, aka zuba fitilu da masu shan kofi. Sanyin nan ba ku kaɗai yake ci ba. Muna yawo muka ga ɗakuna a buɗe, da ɗumi, ba a ambaci sunan Allah a kan ko ɗaya ba. Muka shiga."

"To ku fita. Gidan mutane ne."

Bakin yarinyar ya yi wata dariya marar daɗi. "Da muna iyawa ai da tuni. Kowane ɗaki a ɗaure yake, wanda ya shiga ya ɗauru tare da shi. Kullum ana ƙara gini ana matse mu, jikokina ba sa iya miƙe ƙafa. Bango na rawa. Ranar da gidan zai faɗi a kanmu zai faɗi. Muka sami igiya muka yi ta ja, ko mai gida zai zo ya kwance mu. Ya zo kuwa. Ya zauna yana kuka yana kiran sunan wata."

Guled ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi. Malam ya riga ya gargaɗe shi kada ya yi magana, amma ta kuɓuce masa. "Ba ita ba ce?"

Idanun suka juyo kansa. "Matarka ta tafi inda ake tafiya. Me za ta yi da ƙarfenka?"

Ya sunkuyar da kai. Ya san haka tun farko, kowane Musulmi ya sani, amma jin sa daga bakin 'yarsa da muryar wata ya fi duka zafi.

"Yarinyar fa?" in ji Malam. "Me ta yi muku?"

"Ni kaɗai na sami kafa na zame, don in nemo mai jin magana. Ita ma a buɗe na same ta. Magariba ta yi, ba wanda ya kira sunanta. Gwaggo na rufe ƙofofin katako, uba na gadin akwati."

Gwaggo Dahabo ta fashe da kuka a bayan wuyan yarinyar. Malam ya ce, "Me kike nema ki fita?"

"Baƙin rago. A zubar da jinin a nan."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Faɗi wani."

"To a bar mini yarinyar har ƙanƙara ta narke."

Malam ya koma karatu daga inda ya tsaya. Jikin Idil ya lanƙwashe, duwatsu suka riƙa zubowa daga matakala, muryar ta yi ƙara har ta dushe.

"Tsaya! Tsaya. A kwance igiyar, mu fita da ƙafafunmu. Amma kada a kashe akwatin muna ciki. In aka rushe shi a kan jikokina, ni da yarinyar nan mun zama ɗaya har kabari."

"Ki rantse da wanda ya halicce ki daga wuta, in an kwance za ki fita, ba za ki dawo ba, ke da zuriyarki."

Ta yi gunaguni, ta yi kewaye-kewaye, a ƙarshe ta rantse. Malam ya juyo wurin Guled. "Ɗana, aljani ba abin gaskatawa ba ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai inda ba ka duba ba?"

Guled ya ja kujera ya zauna. Ya buɗe sashen ƙararrawa, wanda ya rubuta cikin gaggawa ranar da muryar Sagal ta ɗauke, bai kuma sake buɗe shi ba. Layuka kaɗan ne, kallo ɗaya ya ishe shi. Ya tsara ne cewa duk zanen da ya hau allo ya je ya ɗaura kansa a jikin ƙararrawa, don in an danna ya yi walƙiya ya kaɗa. Ya rubuta ɗaurawa, bai rubuta kwancewa ba. Kowane zane, tun daga na farko, yana nan a ɗaure yana jiran Sagal ta danna. Shi ya sa mai shara ya ƙi taɓa su, shi ya sa kuma sautin ya yi ta kauri. Ta ma gaya masa da bakinta, ya ɗauka wasa ne.

Gyaran umarni ɗaya ne, a dakatar da agogon zane, a kwance duk abin da ke ɗaure da ƙararrawa. Amma in ya yi, babu sauran mai sauraron madannin da ke aljihunsa. Ko shekara aka yi ana danna shi ba abin da zai amsa. Kuma tagar farko, wadda aka buɗe Sagal tana numfashi, za ta tafi tare da sauran. Ya ɗora yatsunsa a kan madannan rubutu ya kasa motsa su.

Kukan fankar ya canza, ya koma kamar na mai shaƙewa. Allon ya dushe ya dawo. Guled ya san alamar, wuri ya kusa ƙarewa, ƙiris ya rage kwamfutar ta faɗi da kanta ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

"Bango na tsagewa," in ji muryar, kuma yanzu tsoro ne a cikinta. "Mai gida, bango na tsagewa."

Ya waiwaya ya dubi Idil. Hannunta ɗaya ya zamo daga bargo, siriri, yatsun suna zana ɗakuna a iska. Ya ce bisimilla da ƙarfi ya fara rubutu. Kowane harafi sai ya danna ya jira, ya jira, kafin ya fito a allo, kamar kwamfutar na jan numfashi a tsakaninsu. Ya yi kuskure a harafi ɗaya, ya goge, ya sake jira. Malam na karatu a bayansa. Da layin ya cika ya aika, sannan ya kira mai shara.

Na ɗan lokaci ba abin da ya motsa. Sai adadin ɗakunan da ke gefen allo, wanda tun kaka hawa kawai yake yi, ya tsaya, ya fara sauka. Ƙaramar tagar saman bango ta buɗe da kanta, sanyi ya shigo, aka ji wucewar abubuwa da yawa, sawu ƙanana da manya, har gefen rigar Malam na kaɗawa. Aka daɗe ana wucewa. Kukan fankar ya yi ta raguwa har ya koma numfashi. Adadin ya sauko ɗaruruwa, ya sauko gomomi, ya tsaya a ɗaya. Guled ya kalli wannan ɗayan, tagar farko, da idanu cike da hawaye, ya kai linzami ya rufe ta da hannunsa.

"Saura ni," in ji tsohuwar, muryarta can nesa. "Mai gida, ka riƙa rufe abin da ka buɗe."

Idil ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki a hannun gwaggonta, ta yi barci. Malam ya tashi ya rufe ƙaramar tagar da bisimilla, ya tofa addu'a a ruwa ya ce a ba ta in ta farka, a kuma kai ta wurin likita saboda ramar nan. Ya haura ya nemi takalmansa. Aka haura da Idil ɗakinta, Guled ya rage shi kaɗai. Ya ciro madannin daga aljihu ya danna sau ɗaya. Ba abin da ya amsa. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza, sannan ya kashe kwamfutar.

Idil ta kwana ta wuni tana barci. Da ta farka ta sha ruwa, ta ci 'yar ayaba, amma ba ta ce uffan ba, kuma ba ta kalli ubanta ba. Gwaggo Dahabo ta ce a bar ta. Shi kuwa tsoro ya hana shi zama, domin bai ji muryarta ba tukuna, bai san wadda za ta fito ba in ta buɗe baki.

Haske ya fara tattarawa. Gwaggo Dahabo ta sauke shinkafa, ta zagaya tana sauke labule tana bisimilla, yau har da ƙofar ɗakin ƙasa. Guled ya je gindin matakalar sama ya riƙe ƙarfenta. Gidan tsit, ba jifa, ba raɗa. Ya ɗaga murya.

"Idil!"

Shiru. Gwaggo Dahabo ta tsaya cak a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Can aka ji motsin gado, sannan murya ta sauko, siririya, a gajiye, amma tata ce, da ɗan tsiwar uwarta a ciki.

"Minti biyar, Baba."

Ya zauna a matakalar farko, bai je ko'ina ba, ya jira ta.